Kantar Ƙafa Ba Ta da Saiwa: Me Ya Sa Reza Ta Kasa Raba Mu da Ita?

A gindin wata dalbejiya kusa da babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, na taɓa zama ina jiran a ɗinke mini silifa. Sai ga wani dattijo ya zo ya zauna a benci, ya tuɓe takalmi, ya miƙa wa mai yankan farce ƙafarsa ta hagu. Ba farce ne ya kawo shi ba. A gefen ƙaramin yatsansa akwai wani ɗan tudu mai tauri, bai wuce girman ƙwayar wake ba, rawaya-rawaya, da ɗigo a tsakiya kamar ido. Yaron ya shafa ruwan kumfa, ya ɗauko reza, ya yi ta fere wurin a hankali har ya ƙwaƙulo wani ɗan abu fari mai tsini. Ya ɗora a tafin hannu ya nuna masa.

"Baba, ga saiwar nan ta fito. Wannan karon kun rabu da shi."

"Haka ka ce mini kafin azumi, ɗana. Ga shi ko layya ba a yi ba ya dawo."

Ya biya, ya mayar da ƙafar cikin takalmin da ya tuɓe: baƙin sau-ciki mai siririn baki, wanda gefensa ya kumburo daidai inda yatsan ke tokare. Da mai yankan da wanda aka yanka, ba wanda ya dubi takalmin, alhali a nan gizo ke saƙa.

Irin wannan tudun da Hausa "kanta" muke ce masa, kamar dai wadda fartanya ke bar wa manomi a tafin hannu. Amma wanda zai je kantin magani a Garwa ko Marwa ko Injamena, gara ya san yadda Faransanci ya rarraba su, don da shi za a fi gane abin da yake nema. Mai faɗi, wadda ba ta cika ciwo ba, ita ce durillon. Ƙaramar mai ido, mai zugi, ita ce cor. Ta tsakanin yatsu kuwa œil-de-perdrix suke ce mata, wato idon makwarwa.

Dukkansu abu ɗaya ne ke haifar da su. Saman fatar mutum matattun ƙwayoyi ne cike da wani sinadari mai tauri da ake kira keratin, shi ne kuma ke cikin farce da gashi da kofato da ƙaho. Daga ƙasa fata ke ƙera sababbin ƙwayoyi, suna hawa sama, su bushe, su kakkaɓe, duka a cikin kamar mako 4. Idan aka matsa wa wuri ɗaya da dannawa ko gugawa kullum, sai fatar ta ƙara saurin ƙira a wurin don ta kare kanta. In nauyin ya bazu a wuri mai faɗi, kantar ma mai faɗi ce, kuma sau da yawa garkuwa ce. Dubi tafin ƙafar makiyayin da ya saba taka tsidau da ƙarangiya, ko na manomin albasa a bakin fadama. Wannan kantar, in ba ta tsage ba kuma ba ta ciwo, ba cuta ba ce, a ƙyale ta.

Matsala tana farawa ne idan duk nauyin ya taru a ɗan wuri kamar kan ashana. Daga ciki ƙashi na tokare, daga waje takalmi na danna, fata tana tsakani kamar ƙarfe a kan uwar maƙera. Tana ƙara kauri, amma takalmi ya hana kaurin fitowa waje, sai ya nutse ciki, faɗinsa a sama, tsininsa a ƙasa, tamkar ƙusa. Wannan ƙusar ce yaron ya ɗora a tafin hannu ya kira ta saiwa. Ba ta da jini, ba ta da jijiya, ba ta tsiro kamar yadda gyaɗa ke tsiro. Ciwon da ake ji daga fatar da ke ƙarƙashinta yake, mai rai, mai jijiyoyi, wadda ake soka wa tsinin a kowane taku. Shi ya sa in an cire ta mutum ke samun sauƙi nan take. Shi ya sa kuma take dawowa bayan 'yan makonni: an cire abin da fata ta ƙera, ba a cire abin da ya sa ta ƙerawa ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Ina nanata wannan ne don na ga illar zancen saiwa. Wanda ya yarda akwai saiwa, in abin ya dawo cewa zai yi ba a tona da zurfi ba. Zuwa na gaba sai ya ce a ƙara nutsa rezar, har a kai ga nama, jini ya fito. Wasu kuma su koma ga ƙonawa. Na ji masu ɗiga ruwan batir, da masu ɗaura dakakkiyar tafarnuwa su kwana da ita, da masu shafa nonon tumfafiya. Duk waɗannan suna iya cin fata mai lafiya, kuma in ƙunar ta warke tabo take bari, tabon da shi ma zai zama sabon wurin tokara. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

To me ya sa wani ke fama da ita, ɗan'uwansa da suke ciki ɗaya ba ya yi? Ƙafa ɗaya ƙasusuwa 26 ke cikinta, kuma ba kowa ne nasa suka jeru iri ɗaya ba. Wani yatsunsa sun lanƙwashe, gaɓar tsakiya ta ɗago tana gugar rufin takalmi. Wani gindin babban yatsansa ya turo waje, yatsan ya karkata ya hau na kusa da shi. Wani kuma kan ƙashi ɗaya ne a gaban tafin ƙafa ya fi sauran sauka, sai nauyin jiki ya riƙa faɗa masa. Shekaru ma suna da nasu rabo, domin kitsen da ke shimfiɗe a tafin ƙafa kamar katifa yana sirancewa da tsufa, ƙashi ya matso kusa da ƙasa. Wanda ya taɓa karaya ko yake ɗingishi, yana jibga nauyi a gefe ɗaya ba tare da ya sani ba.

Amma mafi yawan abin da muke gani a nan, takalmi ne. Lambobin da muke amfani da su, su 41 da 42 da 43, tsakanin lamba da lamba bai kai santimita guda ba, kashi biyu ne cikin uku na santimita. Saboda ƙanƙantar tazarar sai mai saye ya raina ta, mai sayarwa kuma ya ce, "Ɗauka kawai, zai buɗe." Fata ta gaske takan ɗan buɗe a faɗi. Roba da ledar da aka yi wa kamannin fata ba sa buɗewa yadda ake so, tsawo kuwa ba ya ƙaruwa ko kaɗan. Takalmin gwanjo yana da tasa matsalar: ya riga ya ɗauki siffar ƙafar mai shi na farko, ya lotsa inda wancan ke lotsawa, ya cinye dunduniya ta gefen da wancan ke takawa. Kai da ka saya, ƙafarka ce za ta bi tasa. Na mata mai tsini da tsayin dunduniya yana tura nauyi gaba, ya cusa yatsu biyar a wurin da uku za su cika. Kwana ɗaya a wurin biki ba zai yi kanta ba, sai dai bororo, amma mai zuwa ofis da shi kullum ita ce za ta gane. Takalmin da ya yi yawa ma ba a tsira ba, don ƙafa na zamewa gaba da baya tana guga. Har samarar Marwa, takalmin nan mai igiya da iska ke ratsa ta ko'ina, in igiyarta ta faɗo kan gaɓar ƙaramin yatsa ko ɗinkin ya yi tudu daga ciki, za ta bar alama.

Akwai wata kantar da ba ruwanta da takalmi. Dattawa da yawa suna da ita a idon sawun hagu ko a bayan ƙafa, saboda zaman tahiya a kan daɓe ko tabarma shekara da shekaru. Haka masu ɗinkin hula da almajirai masu zaman harɗe. In ba ta ciwo ba a taɓa ta. In tana ciwo, dadduma mai kauri ta wadatar.

Ta tsakanin yatsu kuwa, wadda ta fi zama tsakanin na huɗu da ƙarami, fara ce, mai laushi kamar roba, saboda ba ta bushewa. Ƙasusuwan yatsun biyu ne ke gugar juna, zufa kuma ta jiƙa wurin. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, ƙafar da ke cikin sau-ciki wanka take da gumi. Ga alwala sau biyar, mutum ya tsettsefe yatsu yadda ya kamata, sannan ya zura safa ƙafar tana ɗiga. Tsane tsakanin yatsu da ɗan ƙyalle kafin a sa takalmi ƙaramin aiki ne, amma yana rage wannan, yana kuma rage cin ruwa, wanda shi ma a wurin yake zama har a kasa bambance su.

Kafin a fara magani, a tabbata kanta ce. Abin da aka fi rikita ta da shi shi ne tusar jaki ta tafin ƙafa. Ita ƙwayar cuta ce ke kawo ta, mai suna HPV, tana yaɗuwa, ta fi kama yara da matasa, kuma tana iya fitowa inda babu wata tokara. Wanke wurin ka duba da haske. Zanen fata, irin na tambarin yatsa, a kan kanta mai faɗi ratsawa yake ya wuce, a kan tusar jaki kuwa yankewa yake ya zagaye ta. Tusar jaki takan nuna ƙananan ɗigo baƙaƙe, waɗanda bakin jijiyoyin jini ne, shi ya sa take zubar da jini da an fere ta. Kanta ta fi ciwo in an danna ta kai tsaye, tusar jaki kuma in an matse ta daga gefe da gefe. Bambancin yana da amfani, domin rezar da ta taɓa tusar jaki tana iya dasa ta a wani wurin, ko a ƙafar wani.

Mu da ke ƙasar ƙaya muna da ta uku. Tsinin ƙayar aduwa ko ɓarin kwalba yakan karye a cikin nama, fata ta rufe a kai ta yi tauri, a yi wata da watanni ana goge "kanta" alhali baƙo ne a ciki. Sai kuma abin da ba na so kowa ya yi wasa da shi: baƙin tabo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, mai girma a hankali, mai gefe ba daidai ba, ko miki da ya ƙi warkewa. Akwai kansar fata da a jikin baƙar fata a irin waɗannan wuraren ta fi fitowa. Ita ce ta yi ajalin mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981, daga yatsan ƙafa ta fara masa. Wannan na likita ne, ba na mai reza ba.

In an tabbata kanta ce, kuma mutum ba shi da ciwon suga ko matsalar gudun jini, maganin daga takalmi yake farawa. Ɗauki takalmin da ka fi sawa, zura hannu ciki, laluba daidai inda kantar take. Sau da yawa za ka ji ɗinki, ko ƙusa, ko lotsawa. In na fata ne, kai wa mai gyaran takalmi ya sa shi a katako ya buɗa daidai wurin. In ba zai buɗu ba, a haƙura da shi, ko nawa aka saya. Sabo kuma da yamma ake gwada shi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a tsaye, da safar da za a riƙa sawa, ƙafa biyu duka don ɗaya takan fi ɗaya. A bar kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmi, kuma yatsu su iya motsi a ciki. Iyaye su riƙa yi wa takalmin makarantar yara wannan gwajin, don ƙafar yaro ba ta jiran ƙarshen shekara.

Sannan a ɗauke wa wurin nauyi. Ana sayar da wani ɗan zobe na soso mai rami a tsakiya, a manna shi yadda kantar za ta faɗa cikin ramin, takalmi ya danna kewayenta maimakon kanta. Wanda bai samu ba, yana iya yanka irinsa daga soso mai laushi. Na tsakanin yatsu akwai ɗan abin raba yatsu na roba mai taushi, a riƙa cire shi da dare ana wankewa.

Rage kaurin kuwa aikin haƙuri ne. A jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti 10, a goga da dutsen goge kaushi a hankali, kaɗan yau kaɗan jibi, a tsaya tun kafin wurin ya yi ja. A tsane, a shafa man kaɗe ko basilin, ban da tsakanin yatsu. Man da ke da sinadarin yuriya ya fi su narkar da tauri, kuma yana taimakon faso, wanda da hunturu ya kama daga Disamba yake tsaga dunduniyar mutane har jini.

Filastar kanta da ruwan ɗigawa da ake sayarwa a kantin magani, yawancinsu asid ɗin salisilik ne a ciki, dangin asfirin. A filasta yakan kai kashi 40 cikin 100. Yana aiki, amma ba shi da ido: da matacciyar fata da mai rai duk ci yake. Don haka a yanka filastar daidai girman kantar, a zagaye fatar gefe da basilin, a bi takardar da ke cikin kwalin. Galibi bayan kwana 2 ake sauyawa, kuma ba a wuce mako 2. Ba a sa shi a fatar da ta tsage, ko a jiƙaƙƙiyar kantar tsakanin yatsu, ko ga wanda jikinsa ba ya karɓar asfirin. In an yi duk wannan ciwo bai lafa ba, ma'aikacin lafiya yana fere ta da sabuwar wuƙar tiyata, ya cire ƙusar, yawanci ko allurar kashe zafi ba a bukata tunda matacciyar fata ce. Tiyatar ƙashi sai ga 'yan kaɗan, waɗanda yatsa ya lanƙwashe musu har babu takalmin da zai karɓe shi.

Ban raina masu yankan farce ba, neman halal suke, wasunsu ma hannunsu ya fi na da yawa iya fira. Abin tsoron shi ne kayan aikin. Almakashi ko askar da ta taɓa jinin wani tana iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B, kuma ƙwayarsa takan rayu a busasshen jini aƙalla mako guda. Ruwan kumfa ba ya kashe ta. Raunin ƙafa kuma a cikin ƙura da kashin dabbobi yake yawo, inda ƙwayar ciwon sarƙewar haƙora ke zama, ga shi manya da yawa rabonsu da allurarsa sun fi shekara 10. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Duk abin da na faɗa na dutse da filasta, mai ciwon suga ya ajiye shi gefe. Nasa hukuncin daban ne, kuma a gidanmu muka koye shi. Kawuna, mai sayar da yadi, ya shekara fiye da goma da suga. Yana da kanta a ƙarƙashin gindin babban yatsa, amma ba ta taɓa damunsa ba, har yana cewa tasa mai kirki ce, ba ta ciwo. Ashe rashin ciwon shi ne cutar. Suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji, daga yatsu yake farawa, ya kuma rage jinin da ke sauka ƙafa. Hausawa na cewa jiki magayi, to shi nasa ya daina gaya masa. Wanda ke jin zafi yakan sauya taku ko ya tuɓe takalmi. Shi kuwa yana ta taka ƙusar nan daga gida zuwa kasuwa, tana murƙushe naman da ke ƙasa, jini na taruwa a ƙarƙashin kantar, daga waje ba a ganin komai sai ɗan duhu.

Wata rana ya sayi filasta don kawai ya rage kaurin. Bayan kwanaki, matarsa ce ta ga danshi a safarsa, ta kira ni.

"Kawu, tun yaushe wurin nan yake ruwa?"

"Wane wuri? Ni ban ji komai ba, ɗana."

Da aka ɗaga filastar, rami ne a ƙasa, da mugunya da wari. Ya yi makonni a asibiti, kuma bai fito da yatsan ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Ƙiyasin da masana suka wallafa a 2017 ya nuna cewa cikin masu suga 100, tsakanin 19 zuwa 34 za su yi gyambon ƙafa a tsawon rayuwarsu. An kuma daɗe da sanin cewa kusan 85 cikin 100 na yanke ƙafar masu suga daga gyambo yake farawa. Kanta a ƙafar da ba ta ji tana cikin manyan alamun da ke gabatar gyambon. Haka abin yake ga duk wanda ƙafarsa ta mutu da ji ta wata hanyar, kamar wanda ya yi kuturta ko da ya warke.

Saboda haka mai suga ba reza, ba filastar asid, ba tsoma ƙafa a ruwan zafi, tunda ba zai ji in ya ƙone ba, ba kuma tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, balle a kan yashin azahar ko simintin harabar masallaci. Kantarsa a asibiti ake rage ta, kuma ragewar tana sauke nauyin da ke kan wurin sosai. Ya roƙi a gwada masa jin ƙafa aƙalla sau ɗaya a shekara. Gwajin da wani ɗan zaren roba ake yi, mai danna nauyin giram 10, ba ya ɗaukar minti biyar. In ya ga duhu kamar jini a cikin kanta, ko ruwa, ko wari, ko kumburi, ko wurin ya fi sauran ƙafar zafi, ranar zai tafi, ba gobe ba. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka a dogara da hannu da hanci fiye da ido. Mata masu suga su lura cewa lalle mai duhu yana iya ɓoye irin wannan sauyin launi.

Kawu yanzu takalmi mai faɗin baki yake sawa, da farar safa don in wani abu ya tsatso a gani. Bayan sallar isha'i jikarsa takan zauna a gabansa da tocila, ta duba tafin ƙafar da tsakanin yatsun da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Da safe kuma kafin ya fita sai ta kife takalman ta girgiza, ta zura hannu ciki. A watan da ya wuce ƙaramar ƙusa ta taras ta huda ta ƙasan na dama, tsininta ya leƙo ciki, kuma jiyansa da shi ya wuni a kasuwa.